Me ya sa talauci ya taru a makarantun gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati a jihar Katsina. Yawancin yaran ajina suna zuwa ba karin kumallo, wasu ba littafin rubutu, wasu kuma ranar kasuwa ba na ganinsu sam. Mu ma makarantar gwamnati muka yi, amma ban san abin ya kai haka ba. Me ya jawo, kuma da gaske laifin iyaye ne kamar yadda ake ta faɗa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa.

Abu na farko, ajin da kika zauna kina yarinya da wanda kike koyarwa yau ba jama'a ɗaya ba ce a cikinsu. A da ɗan alƙali, ɗan hakimi da ɗan mai faskare benci ɗaya suke zama. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, sai kuɗin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya biyo baya. Albashin malamai ya riƙa makalewa, yajin aiki ya yawaita, rufi ya yaye ba gyara. Duk mai ɗan hali sai ya zare ɗansa ya kai makarantar kuɗi, har da ma'aikatan ilimin kansu. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ba su da wurin zuwa. Kuma asarar ba ta tsaya nan ba: iyayen da za su iya taka ƙafa har ofishin sakataren ilimi su ce a kawo kujeru, a saurare su, su ne suka tafi. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ba a cika faɗa ba.

Sannan talaucin kansa ya ƙaru a gidajen. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 65 cikin ɗari na waɗannan a Arewa suke. Tun kafin nan masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano sun daɗe da durƙushewa, magidanta masu albashi suka koma buga-buga. A yankinku kuwa ga 'yan bindiga. Manomin da aka hana zuwa gona, ko ya sayar da shanu da hatsi ya biya kuɗin fansa, ya dawo gari yana raɓe a gidan 'yan uwa, ɗansa ne ke zaune gabanki. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin abinci ya yi tashin da a tsakiyar 2024 hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin ɗari. Gidan da a da ake ɗumame da safe, yanzu tuwon dare ma ba ya saura.

Akwai kuma maganar "kyauta". Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko na karatu kyauta ne kuma tilas. Amma yunifom, takalmi, littafin rubutu, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA), kuɗin jarabawa, duk daga aljihun uba suke fita, kuma sau adadin 'ya'yansa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ribar da gida ke rasawa idan yaro na aji. Yarinyar da kike nema ranar kasuwa, mai yiwuwa cinikin tallanta ne cefanen ranar, ko da shi uwarta ke zubin adashen kayan ɗakinta. Ba ƙin boko ya hana ta zuwa ba, yunwa ce ta rinjayi karatu.

To laifin iyaye fa? Akwai nasu, ba zan ɓoye ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Katsina ya haura 'ya'ya 7. Uban da ya ƙara aure alhali na gida ba su ƙoshi ba, ko ya saki mace ya bar mata yara ba ci ba sha, ya ci amanar da Allah ya ba shi. Sai dai da yawan iyayen nan ba sakaci ne ya kayar da su ba. Jinya ɗaya a asibiti, ko ambaliya ɗaya, tana iya cinye jarin gida kaf, domin yawancin jama'a daga aljihu suke biyan magani.

Gwamnati ma tana da babban kaso. Ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 kan naira 70 kowane yaro, duk da ƙarancinsa, ya jawo yara aji, amma 'yan aji 1 zuwa 3 kaɗai ya shafa, kuma aka dakatar da shi a farkon 2024. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, tana ware wa jihohi kuɗi duk shekara da sharaɗin kowace jiha ta zuba daidai nata, jihohi da dama kuma sukan bar kuɗin jibge don sun kasa cika sharaɗin.

Abin da ke hannunki, Malama, shi ne ki rubuta sunayen yaran da suka fi galabaita da ranakun da suke fashi, ki kai wa hedimasta da kwamitin al'umma mai kula da makarantarku, wato SBMC. A zauna da mai unguwa, liman da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a kan wannan takarda, don zakka da taimakon attajiran gari su san inda za su dosa. Kuma ki roƙi hedimasta kada a kori yaro gida saboda kuɗin PTA ko rashin yunifom, domin wanda aka kora da kunya sau da yawa ba ya dawowa.