Yadda Ake Lallaɓa Injin Babur Bayan An Sabunta Shi

Tambaya: Malam, bakanike ya kwance injin babban babur ɗina mai ƙarfin gudu, ya sa sabon fistan da ringi. Yaushe zan fara sakar masa wuta? Daga mai karatu a wani ƙauye kusa da Gumel.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi haƙuri tukuna. Sabon ringi yana bukatar ya goga jikin silinda a hankali har ya zauna daram, domin idan bai zauna ba, injin zai riƙa shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. A kilomita 1,000 na farko kada ka murɗe totur har ƙarshe, amma kuma kada ka daɗe a kan gudu ɗaya, ka riƙa ƙarawa kana ragewa kana canza giya. Barin babur yana aiki a tsaye, kamar yadda wasu ke yi a bakin gareji, ba ya zaunar da ringi.

Ka canza baƙin mai da wuri, saboda ɓarɓashin ƙarfen da ke taruwa a ciki, kuma ka nemi na babur mai alamar JASO MA, domin na mota yakan sa kuloci ya riƙa sulɓi. Ƙurar hanyoyinku ta hunturu kuwa tana cin sabuwar silinda, don haka ka riƙa duba matatar iska.