Amsa: Yadda ake samo tsari da labari a wuraren da ido ya saba da su

Malam, ka tambayi yadda mai ɗaukar hoto zai ga abin ɗauka a wuraren da yake wucewa kullum. Shawarata ita ce ka fara zaɓen shimfiɗar hoton kafin ka nemi wanda zai shiga cikinsa. Ka tsaya inda layin bango, matakala ko inuwar ƙofa suke jan ido zuwa wuri guda, ka saita kyamara, sannan ka yi haƙurin jira har wani ya ratsa ta wurin.

Dubi hoton da Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, ya ɗauka a 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare da ke Faris: mutum ya yi tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta, diddigensa bai kai ga taɓa ruwan ba, surarsa kuma ta fito a ciki. Labarin yana cikin wannan ɗan lokacin, domin mai kallo ya san abin da zai biyo baya.

Hasken safiya da na la'asar sun fi na tsakar rana fito da siffa, saboda inuwa tana tsawo. Kafin ka danna, ka duba gefunan hoton huɗu, ka matsa kusa har abin da ba shi da amfani ya fita.