Tambaya da Amsa: Shin ƙaramar hukuma tana ba da kuɗin gasar unguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a jihar Arewa ta Kamaru. Kowace shekara a lokacin dogon hutun makaranta muna shirya gasar ƙwallon ƙafa tsakanin layukan unguwa, ranar rufewa kuma a yi kokawa da kiɗan gargajiya. Da karo-karo muke yi, sai ɗan abin da 'yan kasuwar unguwa suka ba mu. Bara, ana saura mako biyu a fara, mun kai takardar neman taimako ofishin magajin gari, amma har aka ba da kofi ba mu ji komai ba. Wasu sun ce sai wanda yake da hanya ake ba. Shin a doka akwai kuɗin da aka tanada domin irin wannan taro, kuma yaya ake nemansa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Doka ta ba ƙaramar hukuma ikon kashe kuɗi a kan irin taronku, amma ba ta wajabta mata ta ba kowace unguwa ba, kuma takardar da aka kai ana saura mako biyu kusan kullum ta makara, ko da magajin gari yana da niyyar taimakawa.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce mai lamba 2019/024 ta ranar 24 ga Disamba 2019, wadda ta tattara dokokin ƙananan hukumomi da na jihohi wuri guda, ta maye gurbin dokokin 2004. A cikin ayyukan da ta danƙa wa ƙananan hukumomi akwai raya wasanni da harkokin matasa, da tallafa wa ƙungiyoyin wasanni, da shirya ranakun al'adu da bukukuwan gargajiya a matakin gari. Saboda haka gasarku da kokawarku suna cikin huruminsu, kuma ba bara kuke yi ba idan kun nema. Sai dai ku tabbatar kun buga ƙofar da ta dace. A Garwa da Marwa da Ngaundere akwai ƙananan hukumomi uku-uku, ta ɗaya da ta biyu da ta uku, kowace da nata magajin gari, sannan a samansu akwai hukumar birni baki ɗaya mai kula da manyan tituna da manyan kasuwanni da makamantansu. Taron unguwa na ƙaramar hukumar da unguwar take ciki ne. Takardar da aka kai hukumar birni tana iya kwana a tebur ba don an ƙi ku ba, sai don ba gidanta ba ne.

Yanzu ga batun kuɗin kansa, wanda a nan ne mutane suka fi yin kuskuren fahimta. Kuɗin ƙaramar hukuma daga wurare kaɗan yake fitowa. Akwai abin da take karɓa da hannunta, irin su kuɗin rumfunan kasuwa, da na mahauta, da na kasuwar dabbobi, da na tashar mota. Akwai wani ƙari na kashi 10 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan wasu harajin gwamnati domin ƙananan hukumomi, wanda shi ne ya sa harajin saye da sayarwa na kashi 17.5 yake zama 19.25 a kan rasit, kuma asusun FEICOM da aka kafa a 1974 shi ne yake rarraba babban kaso na wannan kuɗi ga ƙananan hukumomi 360 na ƙasar. Sannan akwai abin da gwamnatin tsakiya take turowa. Dokar 2019 ta ce kason da ake ba ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati, ko da yake magadan gari sun daɗe suna kukan cewa abin da yake isowa bai kai haka ba. Kun sha jin ana cewa kowace ƙaramar hukuma tana samun sefa miliyan 100 a shekara tun daga 2019, kuma gaskiya ne, amma wannan kuɗi na ayyukan gini ne, kamar rijiyar burtsatse da ajujuwa da kwalbati, ba a taɓa shi domin sayen kofi ko hayar lasifika.

Abin da za a iya kashewa a kan taro yana fitowa ne daga kuɗin tafiyar da aiki na yau da kullum, bayan an cire albashin ma'aikata da bashi da sauran abubuwan da doka ta ce dole a biya su tukuna. A ƙaramar hukumar da kasuwarta ba ta da ƙarfi, abin da yake saura ɗan kaɗan ne, kuma ga bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ga ranar mata ta 8 ga Maris, ga bikin ƙasa na 20 ga Mayu, duk a cikinsa ake yi. Kafin watan Yuli da Agusta su zo, lokacin da kusan kowace unguwa take buga gasar hutu, tukunyar ta riga ta yi ƙasa.

Magajin gari ba shi da ikon zura hannu a asusu ya miƙa muku. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma yana tafiya ne daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Magajin gari da ma'aikatansa ne suke tsara shi, majalisar kansiloli ta zauna ta amince da shi a ƙarshen shekarar da ta gabata, sannan a kai wa perefe, wanda shi ne wakilin gwamnati, ya sa hannu. Bayan haka magajin gari umarnin biya kawai yake bayarwa, wanda yake riƙe da kuɗin kuwa ma'aji ne, kuma ma'ajin ba zai biya abin da ba ya cikin kasafi ko wanda takardunsa ba su cika ba, domin idan masu bincike suka zo, shi za a tambaya, har a ce ya mayar daga aljihunsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa takardar da ta iso a watan Yuli tana neman kuɗin watan Agusta ba kasafai take haifar da komai ba. Idan kuwa kun ga wani magajin gari ya zo filin wasa ya ba da ambulan nan take, sau da yawa daga aljihunsa ne ko na wani ɗan siyasa, kuma irin wannan kyauta ba a gina shiri a kanta, domin bana a samu, baɗi a rasa.

Akwai kuma wani shinge na doka da yawancin ƙungiyoyin matasa ba su san da shi ba. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ta sauƙaƙa kafa ƙungiya: ku kai tsarin mulkinku da sunayen shugabanni ofishin perefe, a ba ku takardar shaida, idan ma aka yi wata biyu ba a ce muku komai ba, doka ta ɗauka an amince. Amma sashe na 11 na wannan doka ya hana ƙungiyar da rajista kawai ta yi karɓar tallafin kuɗi daga hukuma, sai wadda aka amince cewa tana aiki domin amfanin jama'a, kuma wannan matsayi da dokar shugaban ƙasa ake ba da shi. Ƙungiyoyi masu zaman kansu suna da tasu doka ta 1999, na wasanni ta 2018, na fasaha da al'adu ta 2020, kowace da sharuɗɗanta na samun amincewar ma'aikatar da abin ya shafa. Ƙungiyar matasan unguwa ba ta cika shiga ko ɗaya daga cikinsu ba. Don haka ma'ajin da ya san aikinsa zai yi jinkiri ƙwarai kafin ya zuba tsabar kuɗi a hannun ma'ajin ƙungiyarku, kuma a ganina yana da gaskiya.

Shawarata ita ce ku daina neman kuɗi, ku nemi kaya da hidima. Ku roƙi ƙaramar hukuma ta ɗauki gasar a matsayin ɗaya daga cikin ayyukanta na raya matasa, ku kuma ku zama masu gudanarwa. Ta haka ita ce za ta sayi kofi da ƙwallaye da riguna daga wurin ɗan kasuwa mai lambar biyan haraji, ta biya shi kai tsaye, tunda sayayyar da ba ta kai sefa miliyan 5 ba da takardar oda kawai ake yin ta, ba sai an yi gasar 'yan kwangila ba. Akwai ma abubuwan da ba sa buƙatar ko sisi ya fita daga asusu: aron rumfuna da kujerun da suke ajiye a sito, da ba ku filin wasa na hukuma kyauta, da turo mota ta baje filin ko ta kwashe shara bayan taro, da yafe muku kuɗin tare titi idan za ku kafa rumfa a kan hanya. Ku zauna ku lissafa abin da kuka kashe bara a kan hayar kujeru da rumfa da janareto, za ku ga ya cinye kaso mai tsoka na karo-karonku.

Takardar ku rubuta ta da Faransanci, ku manna mata kan sarki kamar yadda ake yi wa kowace takardar nema, ku kai ta ofishin karɓar wasiƙu, kuma kada ku tafi sai an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe. Ku haɗa da takardar rajistar ƙungiya, da shirin taron, da lissafin kuɗi mai nuna abin da ku kanku za ku kawo, da abin da 'yan kasuwa suka yi alkawari, da abin da kuke nema daga hukuma, kowane abu da farashinsa. Lissafin da ya ce “kofi ɗaya, ƙwallaye shida, kujeru ɗari biyu na kwana ɗaya” yana da wanda zai karanta shi, amma wanda ya ce “muna neman taimako gwargwadon hali” ba a san layin da za a sa shi a kasafi ba. Ku sa hotunan gasar bara da taƙaitaccen bayanin yadda kuka kashe kuɗinta. Sa hannun jauro ko lawan na unguwarku yana ƙara wa takardar nauyi.

Lokacin kai ta kuwa shi ne daga ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, domin gasar shekara mai zuwa, wato kuna gama ta bana ku fara neman ta baɗi. Ku nemi kansilan da ya fito daga yankinku ku ba shi kwafi, domin shi ne zai iya tashi a zaman kasafi ya yi magana a kanta. Zaman majalisar kansiloli a buɗe yake ga jama'a, kuma dokar 2019 ta ba kowane mazaunin ƙaramar hukuma ko mai biyan haraji a cikinta damar neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa. Ku yi amfani da wannan dama cikin ladabi. Idan kun ga an ware wani abu domin wasanni da al'adu, kun san abin da za ku nema da iyakarsa, idan kuma ba a ware ba, kun san cewa maganarku da kansiloli ce. Dokar ta kuma yi tanadin kwamitocin unguwa da na ƙauye a matsayin wurin tuntuɓa tsakanin jama'a da hukuma, saboda haka idan unguwarku tana da irin wannan kwamiti, buƙatar da ta bi ta hannunsa ta fi wadda matasa suka kai su kaɗai ƙarfi.

Game da maganar sai mai hanya, ba zan ce babu son kai a rabon ba, domin inda kuɗi ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa, sanayya tana shiga. Amma takarda mai hatimi, wadda ta iso a kan kari kuma kansila ya san da ita, tana da wuyar ɓacewa. Ku kuma kiyaye kada gasar ta zama ta wata jam'iyya. Idan kuka buga hoton ɗan takara a rigunan 'yan wasa, duk wanda ya hau kujerar bayansa zai ɗauke ku 'yan adawa.

Samun tallafin ƙaramar hukuma kuma ba ya ɗauke muku sanar da hukumar mulki. Dokar taruka mai lamba 90/055 ta 1990 ta ce taron da za a yi a wurin jama'a a sanar da sufurefe, wato wakilin gwamnati na yankinku da yake ƙarƙashin perefe, aƙalla kwana uku kafin ranar, idan kuma akwai jerin gwano a kan titi, kamar zagaya gari da kofi, to kwana bakwai ne. Fitowar da ta dace da al'adar gari ko addini, irin hawan salla na lamido, ita ce aka ɗauke wa wannan sharaɗi, gasar ƙwallo kuwa ba ta cikinta. Ku karɓi takardar shaidar sanarwar daga ofishin sufurefe, ku sa kwafinta a cikin takardun da za ku ba ƙaramar hukuma idan lokacin fitar da kayan ya yi.