Maganar shamuwa da danƙon jikana

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na saurare shi har ƙarshe. Ka ce ka kai iyali ƙauye dogon hutu, babban yaronka ya ari danƙo wurin 'ya'yan maƙwabta ya harbi shamuwa a kan kukar ƙofar gida. Hajiya ta tayar da hankali, ta ƙi cin tuwon dare, ta ce sai an yi sadakar gero. Kana tambaya ko wannan ba camfi ba ne, kuma ko gara ka kwashe yaran ka mayar da su Abuja su shiga lesin, tunda dama uwarsu ba ta saki jiki ba saboda sauro da kunamu. Na yi dariya da na ji yadda ka ɗauki abin da zafi. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don na ga tsuntsuwa guda tana neman raba jikoki da kakarsu.

Ba a garin ka tashi ba, shi ya sa. Mu da muna yara, duk wanda ya fara hango shamuwa a ƙarshen bazara da gudu yake shiga gida ya kai albishir. Daga ranar tsofaffi za su fara kwance ƙullin iri suna dubawa, a kai fartanya da garma wurin maƙeri. Shamuwa baƙa ce, cikinta fari, fuskarta da shuɗi da ɗan ja kusa da ido. Ba ta zuwa can dawa ta ɓuya, cikin gari take sauka, kan kuka ko tsamiya, ta jera ƙirare ta yi sheƙa a saman kawunan mutane. In kaka ta yi sai a wayi gari babu ko ɗaya. Can kudancin Afirka take nufa, su Zambiya da Zimbabuwe, inda daminarsu ke kamawa lokacin da tamu ke janyewa. Tsofaffinmu ba su san sunayen ƙasashen nan ba, cewa kawai suke ta tafi bin ruwa.

Bari in ba ka labarin 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Fari ne aka yi mai tsanani. Ruwa ya zuba sau ɗaya aka yi shuka, sai ya ɗauke. Gero ya fito kamar tsawon yatsa ya tsaya yana nannaɗewa. Buzaye suna ta gangarowa daga Nijar, dabbobinsu sun ƙare a hanya, matansu na bin gida gida suna neman dusa. An fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, liman ya yi addu'a, maza suka juya rigunansu.

A cikin wannan hali aka kawo marigayi kawunku na Fagge ya yi damina a wurinmu. Ɗan birni ne, da takalmin roba da danƙon da ya yanko daga tsohon tib na keke. Wata hantsi muna zaune a gindin kukar nan dai da kake magana, sai muka ji fat, sai ga shamuwa ta faɗo tana birgima, fiffike ɗaya na ja a ƙasa. Mata suka fito daga cikin gida suna salati, wata da taɓarya a hannu. Wata tsohuwa ta ce shi ke nan, an kori ɗan ruwan da ya rage. Yaro ya tsaya jiki na ɓari, danƙo a hannu, ya rasa ta inda zai gudu.

Kakanmu yana zaure yana tufkar igiya. Ya fito bai yi sauri ba. Kowa ya zaci tsumagiya zai nema. Sai ya tsuguna, ya rufe wa tsuntsuwar kai da gefen rigarsa don ta daina fizga, ya bi fiffiken da yatsa har ya gano inda ya karye. Ya ce a kawo kara da tsumma. Da kansa ya tsaga karan, ya ɗora, ya naɗe, kawunku na riƙe da ƙafafunta yana hawaye. Da ya gama ya ce masa, tun da ka sauko da ita, ta zama baƙuwarka, cinta da shanta suna wuyanka.

To ina abinci a shekarar da ciyawa ma ba ta fito ba? Shamuwa ba ta cin tsaba, fara take ci da tsutsa da ƙananan kwaɗi. Kullum da sassafe, kafin rana ta gasa ƙasa fara ta fara tashi, kawunku zai ɗauki ƙoƙo ya bi gindin geza da sabara yana kamu. Da farko shi kaɗai, muna masa dariya. Daga baya duk muka bi shi, don mun ga yadda take miƙo wuya in ta hango ƙoƙon. A wannan yawo ya koyi raba ramin gafiya da na kurege, ya san sawun damo, ya daina zabura in bushiya ta dunƙule a gabansa. Sheƙarta kuwa akwai 'ya'ya biyu a sama, ɗayar tsuntsuwar ita kaɗai ta yi ta jigilar ciyar da su, muna kallo daga ƙasa. Fiffiken ya haɗe amma a karkace, ba ta ƙara tashi ba. Da 'yan uwanta suka tafi ta zauna cikin kaji, hunturu na shigowa ta mutu. Kawunku har ya tsufa bai yarda an shigar masa da danƙo gida ba.

Ban taɓa jin kakanmu ya ce harbin shamuwa na hana ruwa ba. Da tsohuwar nan ta faɗa, cewa ya yi ruwa na Allah ne. Abin da yake maimaitawa shi ne, wanda ya sauka a bishiyarka a gidanka ya sauka. Kakarmu kuma takan ce tsuntsun da ya amince da mutane har ya yi ƙwai inda hannunsu ke kaiwa, amana ya ba su. Manomi ma ya san amfaninta, don farar da take tsincewa ita ce mai cinye masa gero.

Abin da ya fi damuna a saƙonka maganar komawa ce. Yaushe kuka zo har za ku tafi? Haka kuke yi yanzu, ku iso da ruwan roba cike da but, ku gaisa a tsaitsaye, kowa kansa a waya, kwana biyu a ce aiki ya taso. Mu an gaya mana zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan sai ta zauna ta huta a gidan da ta je. Yaro bai san ɗan baffansa ba sai sun yi faɗa a kan mangwaro sun shirya, sun ci tuwo a akushi ɗaya. Yaranku suna iya lissafa namun dajin wasu ƙasashe da suka gani a talabijin, amma sai an kai su gidan zu na Audu Bako kafin su ga na ƙasarsu. Ga shi watan Agusta ne, rafi ya cika, kwaɗi na kuka duk dare, masara ta kusa gasuwa, gyaɗa na fure. Ina lesin da zai nuna musu wannan? Sauro a sa musu gidan sauro. Kunama a koya musu kakkaɓe takalmi kafin su sa, kada kuma su tura hannu ƙarƙashin dutse.

Hukuncin camfi ka tambayi malaminka, ni ba malami ba ne. Amma mudun gero nawa ne da za ka tsaya jayayya da mahaifiyarka a kansa? Ka auno ka ba jikan nawa ya kai wa almajirai da hannunsa, ya je ya tsuguna ya ba kakarsa haƙuri. Ba ka kuma faɗa mini ko tsuntsuwar ta mutu ko tana da rai ba. In tana da rai, a nemi mai ɗori a garin ya duba ta, yaron ya riƙe masa ƙafafun. Ka gaishe da maiɗakinka, ka ce mata baffa na roƙon a bar yaran har a kusa komawa makaranta.