Shawarwari ga manoma: abincin barewa a filin da ruwa ke kwanciya

Wasiƙun wannan mako daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito. A can mafarauta kan ware eka ɗaya ko biyu a cikin dajinsu su shuka abin da barewa ke so, don ta saba da wurin kafin lokacin farauta.

Wani mai karatu daga arewa maso yammacin jihar Ohayo ya ce shi da abokansa sun yi hayar daji mai kwari a tsakiya. Shekara uku a jere suna kafce eka biyu da tarakta suna shuka alfalfa, wata ciyawar kiwo dangin wake, tana fitowa ta yi rawaya ta mutu. Yana tambaya ko ya ƙara taki ne.

Malam, ajiye kuɗin takinka. Shekara uku kana aiki iri ɗaya kana girbar asara iri ɗaya, ai ƙasar ta gaya maka magana, kai ne ba ka saurara ba. Yankin da kake ciki a da ƙaton fadama ne, sai a ƙarni na 19 aka yi ta haƙa magudanai aka mayar da shi gonaki. Inda babu magudana, lakar tana nan da halinta. Alfalfa kuwa doguwar saiwa gare ta, kwana kaɗan a cikin ruwa sai ta ruɓe. Ko a gida wa ya taɓa shuka gero a tsakiyar fadama? Can wurin shinkafa ne da rake.

Amma ba irin ne ya fi damuna ba, taraktar ce. Wannan kuskuren na gaji da amsa shi. Mutum ya samu hutun Asabar, ya riga ya biya kuɗin haya, sai ya shiga fili ko da taɓo ne. Tayar tana danne laka, garmar tana shafe ƙasan huɗar kamar an yi daɓe. Ƙananan ƙofofin da iska da ruwa ke bi duk su toshe, saiwa kuma sai da iska take rayuwa. Baɗi ruwan ya fi na bana kwanciya, kai kuma ka ce filin ne ya lalace. Laka idan ta danne haka, shekaru take ɗauka kafin ta saki. Kafin ka tayar da inji, ɗebi ƙasa daga zurfin ɗan yatsa ka dunƙule a tafin hannu, ka danna da babban yatsa. In ta wargaje, bisimilla. In ta lotsa kamar ƙullun tuwo tana sheƙi, koma gida ka sha shayi.

A gaskiya ma ba ka bukatar huɗa. Nemi farar kuloba, ciyawa mai ganye uku dangin wake, ka haɗa ta da wadda ake kira alsayik, duk suna jure danshi. Wajen kilo 2 zuwa 3 ya ishi eka. Ka yafa shi da hannu a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da ƙasa ke daskarewa da dare ta narke da rana. Wannan buɗewa da rufewa ita za ta binne maka irin, wanda bai kai ƙwayar riɗi ba, kuma in ya nutse da yawa ba ya fitowa. Gefen da ya ɗan yi tudu, a watan Satumba ka yafa rayi, wani ɗan'uwan alkama mai jure sanyi. Inda ruwa ke wata guda a tsaye kuwa, bar wa Allah kayansa, barewa na son duhuwar da za ta ɓuya. In akwai mai doki a kusa, ka gaya masa alsayik na cutar da dawaki.

Wani kuma ya tambaya ko ya sa yuriya a kuloba. A'a, ita da kanta take samar da sinadarin naitirojin da ke cikin yuriya, kamar gyaɗa, ciyawar banza kawai za ka ƙosar.

Farar ƙasa da ake zubawa don rage tsamin ƙasa fa? Kai samfurin ƙasa a auna tukuna. In awon pH ya gaza 6, wato ƙasar ta yi tsami, ka zuba, ka ba ta kamar wata shida ta yi aiki.

Wata baiwar Allah ta ce maigidanta ya sayo galan-galan na gilaifoset, maganin kashe ciyawa, zai feshe kwarin duka har bakin kududdufi. Hajiya, ki ce ya karanta takardar jikin galan ɗin. Wanda aka saba sayarwa an hana fesa shi a kan ruwa, domin abin da aka gauraya a ciki yana kashe talibambam da ƙananan kifi. Yanka ciyawar sau biyu ko uku a shekara, sama da kan kulobar, ya fi arha.

Daga jihar Akansas wani ya ce nasa filin tafki ne da ke janyewa da zafi, agwagin daji yake so. Kai ka yi dace. Da zarar ruwa ya ja a watan Yuli, yafa geron Japan a kan taɓon tun yana da danshi, kamar kilo 9 a eka. Dangin ciyawar roba ce ta fadamunmu, cikin wata biyu ta nuna. Sai dai ka bar ta a tsaye ruwa ya dawo ya same ta. In ka yanke abin da ka shuka a shekarar ko ka tattake shi don tsaba ta zube, sannan ka harbi agwagwa a wurin, dokar tarayya ta ɗauke shi a matsayin ɗana tarko da abinci, kuma akwai tara.

Mai tambayar haƙa lambatu ya janye ruwan dajinsa gaba ɗaya: kar ka sa ko shebur sai ka je ofishin aikin gona na gundumarku. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta kare irin waɗannan fadamu da yawa, kuma sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ke ba da izini.