Belin taimin: na kamfani ko na kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haya da Peugeot 406 tsakanin Gumel da Kano, ran Alhamis kuma ina ɗaukar 'yan kasuwar Maigatari. Bakanikena ya ce belin taimin, wato bel ɗin roba mai haƙora da ke daidaita tafiyar fistin da bawul a inji, ya fara tsattsagewa. In sayi mai tambarin kamfanin motar, ko in ɗauki mai sauƙi a Ƙofar Ruwa? Wani ma ya yi mini tallar na Beljiyam. (Direba daga Gumel)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na Beljiyam ɗin nan ka bar shi inda yake. Ƙarfe ake saye na hannu, ban da roba, tunda ba ka san tafiyar da ya yi ba kafin ya hau jirgin ruwa.

Kamfanonin mota ba su ke ƙera bel da kansu ba. Irin su Gates, Continental da Dayco ke yi musu, su kuma su zuba a kwalinsu su ƙara kuɗi. In ka samu gangariyar ɗaya daga cikin ukun nan, ba ka yi asarar komai ba. Abin tsoron shi ne jabu, don kwali kowa na iya bugawa. Ka fito da shi ka riƙe a hannu: haƙoran su zo daidai, babu zare a gefe, rubutun da ke bayansa kada ya goge in ka murza da babban yatsa. Ka tafi da tsohon, ku ƙirga haƙora kai da mai shago. In ya ƙi a buɗe kwalin, shiga shago na gaba.

Dalilin matsawata, injin 406 ba ya yafiya. Bel na tsinkewa, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai sauke kan inji. Na ga motar da haka ta samu a hanyar Ringim cike da fasinja da rana tsaka, mata da goyo sun raɓe a gindin darbejiya ana jiran mai ja.

Kanikawa kan yi shiru kan abu ɗaya: bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa a motarka, kuma tenshina, wato 'yar tayar da ke ɗame bel ɗin, ke riƙe da shi. Tunda an buɗe wurin, a canza su gaba ɗaya, kuɗin aiki ɗaya ne. In baƙin mai na yoyo ta oyil sil, wato robar da ke tare mai, a gyara tukuna, domin mai na cinye roba. Da zafinmu da ƙurarmu, ni ba na wuce kilomita 60,000 ko shekara 4. Ka sa a rubuta ranar da fenti a murfin taimin.