Filin Gareji: Bakanike Ya Ce Kwayil Shida, Aljihu Ya Ce Bai Yarda Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da Marsandi E350 ƙirar 2008, 'yar Beljiyom ce, shekararta uku a hannuna. Kwanan nan in na tsaya a danja sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, in na taka totur a hanyar Zariya kuma fitilar inji ta riƙa ƙiftawa. Bakanikena ya ce kwayil ne, in sayo guda shida a canza su gaba ɗaya. Kuɗin da aka yanka mini a shagon da ke kawo na kamfani ya kusa cinye albashina na wata. Na leƙa kasuwa kuma na ga wasu a kwali mai tauraro, tambarin Marsandi, shidan ba su kai kuɗin biyu na wancan shago ba. In saya? Kuma aiki ne da zan iya yi da kaina a gida?
Daga wani ma'aikaci, Barnawa, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu zo kan kuɗi, ajiye motar nan tukuna. In fitilar inji ta kama ta tsaya cak, kana da ɗan lokaci. In tana ƙiftawa kuwa, kwamfutar motar ce ke gaya maka wata silinda ba ta ƙona fetur, ɗanyensa yake gangarawa salansa. A can yake ƙonewa cikin tukunyar tace hayaƙin nan da yaran gareji ke kira indomi, har ya narkar da ita. Kuɗin indomi ɗaya na Marsandi ya isa ka sayi kwayil ɗin da kake gudu har ka karɓi canji.

Bakanikenka mai yiwuwa ya yi gaskiya cewa kwayil ne. Inda ban yarda da shi ba shi ne shida. Injin motarka shi ake kira M272, silinda shida, kowace da kwayil ɗinta a zaune kan fulogi. Aikinsa ya karɓi wutar batir, bolt 12, ya mayar da ita bolt dubu ashirin zuwa sama, don fulogi ya yi tartsatsi. Da wuya ƙwarai shida su mutu rana ɗaya. Galibi ɗaya ne ya gaji, sauran biyar ɗin lafiyarsu ƙalau, kuma in waɗanda motar ta zo da su ne daga kamfani, sun fi yawancin abin da za ka samu a kwali a yau.

Gano wanda ya mutu ba ya bukatar duba. Akwai 'yar na'ura da ake kira ELM327, ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ana sayar da ita a kasuwar waya da ta intanet. Ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16, ka soka ta nan, ka haɗa da wayarka ta Bluetooth. In ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ke misin, wato ba ta ƙona fetur. P0302 ta biyu, haka har P0306. A Marsandi, in kana zaune a kujerar direba, 1 zuwa 3 suna hannun dama, ana ƙirgawa daga gaba, 4 zuwa 6 kuma suna ɓangarenka. A ce ta nuna P0304. Sai ka cire kwayil na huɗu ka yi masa musaya da na biyar, ka goge lambar, ka zaga unguwa. In matsalar ta koma P0305, ka kama ɓarawo, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya a P0304, kwayil ba shi da laifi, a duba fulogi ko nozil ko wayar da ke kai masa wuta. In kuwa P0300 ce tare da silinda uku ko huɗu a lokaci guda, ka tuna inda ka sha mai na ƙarshe, ka kuma sa a duba ko inji na zuƙar iska ta wani wuri.

Akwai wata tambaya da nake yi wa duk wanda ya kawo mini mota tana misin: an wanke inji kwanan nan? Masu wankin mota suna son sa wa inji ruwan famfo mai ƙarfi don ya yi ƙyalli mai mota ya ji daɗi. Ruwan sai ya sulale ramin fulogi ya kwanta. An taɓa kawo mini wata ML350 jajibirin Sallah, mai ita har ya aika a sayo kwayil. Na zare su, na busa iska a ramukan, na bar ta a rana zuwa la'asar. Kuɗin shayi kawai na karɓa. Haka ma in ka tarar da baƙin mai a ramin, ka san ko sabon kwayil ka sa, robarsa za ta kumbura ta lalace matuƙar ba a tsayar da yoyon ba.

To, yanzu sayen. Marsandi ba ta ƙera kwayil da hannunta. Kamfanoni irin su Bosch da Delphi da Beru ne ke ƙera wa masu motocin Jamus, a buga tambari, a sa a kwalin mai mota. Su kuma waɗannan kamfanoni suna sayar da irinsa a nasu kwalin, kuɗinsa ƙasa da na mai tauraro. Nan arahar gaskiya take. Ka zare tsohon, ka karanta sunan wanda ya ƙera da lambar da ke jikinsa (ta Marsandi tana farawa da A, sai lambobi goma), ka nemi wannan. Ka tafi da lambar chasi ma, don injin da ya gabaci naka, M112 na E320, fulogi 12 gare shi, kwayil ɗinsa daban ne ƙwarai, amma mai shago zai iya ce maka ai duk V6 ne.

Waɗancan shidan da ka gani kuwa, ni dai ba zan sa su a motata ba, don na taɓa sawa. Tun da Naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, ni ma na ce bari in gwada saitin araha a tawa. Wata biyu ba su cika ba, biyu suka mutu mini tsakanin Funtuwa da Gusau, da iyali a mota, rana tsaka. Araha ba ta ado. Kwali mai tauraro ba shaida ba ne, buga kwali ya fi komai sauƙi. Ka riƙe tsohon a hannu ɗaya, sabon a ɗayan: jabu yakan fi sauƙin nauyi, rubutunsa a dagule, robarsa kamar ta silifa. Abin da ya fi ba ni tsoro da shi, in ya yi shot a ciki yana iya taɓa kwamfutar inji, wadda muke kira birenbos. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

In aljihu ya ƙi sabon Bosch ko Delphi, ɗan Beljiyom da aka cire daga injin da ya yi haɗari ya fi sabon jabu. Ana samu a Fanteka nan kusa da kai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja. Sharaɗi ɗaya: ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in bai yi ba za ka dawo da shi, ka duba jikinsa babu tsagewa ko farin layin ƙuna. Ka sayi biyu, ɗaya ya zauna a but.

Aikin kansa, wallahi ya fi canza taya sauƙi. Ka bari inji ya huce sosai, da safe ya fi. Ka zare makulli ka sa a aljihu. Murfin inji da gidan iyafilta a kan roba suke zaune, ɗagawa ake yi, ba kwancewa ba. Kowane kwayil noti biyu ne masu kan tauraro ke riƙe da shi, T30, sai soket ɗin waya. A soket ɗin nan ake yin ɓarna: robar da ta sha zafin inji tun 2008 ta bushe, in ka sa mata ƙarfi ta karye. Lallaɓa ta. In za ka canza fulogi, kuma ina ba ka shawara ka canza shidan in ba ka san ranar da aka sa su ba, domin tsohon fulogi shi ke wahalar da kwayil har ya kashe shi, to ka fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin ka sa sifana. Kan injin alminiyom ne, in tiredi ya ci, aiki ya bar gida ya koma wurin mai injin yanka. Da ka mayar da gidan iyafilta, ka tabbata bayansa ya zauna daram, in ba haka ba wata sabuwar fitila za ta kama.

Amma kada daɗin wannan ya kai ka ga giya. Giyar motarka ba ta da sandar auna mai, ta ƙasa ake ɗura mata, a wani zafi na musamman. Wannan a bar wa masu ita.

TAMBAYA: Baba, ni Lexus RX350 ce ta 2010. An yi sikanin an ce silinda ta uku. Mai gyara ya ce sai ya cire saman inji, kuɗin aikin har ya fi na kwayil. Ba cuta ba ce?
Daga wata malamar asibiti, Sakkwato.

AMSA: Hajiya, wannan karon bai cuce ki ba. Injin motarki a gicciye yake. Silinda 2 da 4 da 6 suna gaba, da an buɗe bonet ga su nan. Su 1 da 3 da 5 kuwa suna can baya jikin bangon da ya raba inji da cikin mota, bututun iska ya kwanta a kansu, sai an ɗaga shi ake kai hannu. Don haka shawarar da na bai wa mai Marsandi, ke akasinta zan ba ki: tunda za a buɗe, a canza ukun baya gaba ɗaya da fulogoginsu, a sa sabuwar gasket, kada ki biya kuɗin aiki sau uku. Denso za ki nema, su ke yi wa Toyota da Lexus. Biyun da aka cire masu lafiya ki karɓe su a hannunki kafin ki bar garejin, duk ranar da na gaba ya mutu ko direbanki zai sa miki cikin minti biyar.